Filafili Na Goma Sha Takwas

Yelwa, 4 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Yaya Nata'ala,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da sanyin Landan. Muna jin muryarka a rediyo kowace safiya, har Inna takan amsa maka sallama, wai rashin kunya ne mutum ya yi sallama a ƙyale shi.

Bayan haka, maganar jirgin Juma'a ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da ruwan Kainji ya cinye tsibirinmu, Gungun Ɗalha, aka watsa mutanenmu ƙauyuka uku, jirgin yake kife a gaɓa bayan gida. Shekara bakwai ke nan. Jirgin da ke kwashe gari guda zuwa masallacin Yelwa, yau kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa, gara kuma ta fara shiga ta baya. To, tun da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji garin nan ya haukace da gini. Wani Alhaji Mamman da ke buɗe shaguna a bakin tasha ya ga katakon maɗacin, ya ce irinsa yake nema na ƙofofi. Ya zo sau uku.

Sauran gidaje goma sha bakwai da ke da wurin zama a jirgin sun ce su ba ruwansu, kowa ta kansa yake yi. Baba kuwa ya ce shi ya sassaƙa jirgin, amma wurin gidanmu naka ne, don haka bakinka yake jira. Bai faɗi abin da yake so ba. Ni dai ina ganinsa kullum bayan la'asar yana zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ka yi tunani kafin ka amsa.

Inna tana gaishe ka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Jamilatu

Marylebone, Landan, 23 ga Mayu, 1975

Malama Jamila,

Wa alaikumus salam. Ina gajiya, ina fama da 'yan makaranta? Ki gaya wa Inna daga yau sallamar farko tata ce.

Maganar jirgi kuwa, ai ba abin dogon tunani ba ne. Zamani riga, in ji masu magana. Ƙasarmu ta samu mai, ana maganar tituna da jiragen inji, mu kuma mu zauna muna gadin katako har gara ta gama da shi? A ba Alhajin ya yi ƙofofinsa, ko ba komai Baba ya huta da zagaye. Ki karanta masa haka, amma ki sa masa zuma.

In don abin tunawa ne, ai ina da nawa. Filafilin gidanmu da Baba ya tilasta mini ɗauka ranar da zan taho, wanda na sha dariya a kansa tun daga tashar Ikko, yana nan a flat ɗina. Shi nake tokare taga da shi, don marfinta ba ya tsayuwa. Kin ga bai yi zaman banza ba.

Wata mai zuwa za ni Sweden. An yi booking, ni da Jane, abokiyar aikina mai haɗa shiri. Uwarta 'yar wani lardi ce da ake kira Dalarna, ta dame ni wai sai na ɗauko wa masu saurarenmu bikin tsakiyar bazararsu. Ni dai hutun hayaƙin tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, nake nema.

A gai da Baba da Inna.

Yayanki,
Nata'ala

Marylebone, Landan, 26 ga Yuni, 1975

Jamila,

Assalamu alaikum. Gaisuwa tana tafe, amma ki fara jin wannan: kada a taɓa jirgin. Wasiƙata ta baya ki yaga ta. In Alhaji Mamman ya zo, a ba shi haƙuri.

Jiya na dawo, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ban san ta inda zan fara miki ba. Dalarna, wai ma'anarta kwaruruka, tana tsakiyar ƙasar, daji ne na dogayen itatuwa iya ganinki, sai koguna biyu da suka gangaro daga duwatsu suka haɗu. A wannan lokaci rana ba ta yin faɗuwar kirki, ta ɗan sunkuya ta taso, har na rasa inda zan sa sallar isha. Gidajensu duk ja ne, jan da ake samu daga ƙasar wani ramin tagulla a garin Falun, wanda suka ce an fi shekara ɗari bakwai ana haƙa. Na tsaya a bakinsa na leƙa, Yelwa da kasuwarta za su shige ciki. Wai rana ɗaya ya rufta, shekara kusan ɗari uku da suka wuce, kuma ranar biki ce, ba kowa a ciki, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi, har Jane ta waiwayo. A kan tudu kuma na ji wata tsohuwa ta kira shanunta da wata siririyar murya mai ratsa daji, suka fito ɗaya bayan ɗaya. Da Fulaninmu na wurin da sun sara mata.

Amma ba wannan ne ya kayar da ni ba. A tsakiyar lardin akwai tafki, Siljan, wanda masana suka ce wani dutse ne ya faɗo daga sama tun kafin a yi mutane ya bar gurbinsa. Ranar Lahadi da safe muna tsaye a gaɓa ina gyara na'urar ɗaukar magana, sai na ji waƙa daga kan ruwa. Na ɗaga kai. Jamila, jirgin Juma'a na gani. Dogo, siriri, baƙi da kwalta, cike da mutane cikin kayan gargajiya, mata da jajayen huluna, filafilai suna tashi suna sauka tare. Daga ƙauyukan ƙetare suke zuwa coci, kamar yadda kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru. Da suka iso suka ɗaga filafilan sama gaba ɗaya, yadda mutanenmu ke yi in an hango masallaci. Na manta ban kunna na'urar ba. Kuka na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Mai riƙe da akalar jirgin wani tsoho ne, Perols Erik. Perols sunan gidansu ne, don a can sunan gida ake fara faɗa kafin na mutum. Jane ta yi mana tafinta. Ya ce kowane gida a ƙauyensu yana da wurinsa a jirgi da filafilinsa, da alamar gidan a sassaƙe a jiki. Na tambaye shi shekarun jirgin. Ya yi dariya ya ce wannan ai yaro ne. Na asalin, da jirgin hayaƙi da tituna suka zo a zamanin ubansa, an yar da shi cikin ciyawa ya ruɓe. Shekara arba'in ba su da jirgi. Da suka farga, ko katako ɗaya bai rage ba, sai suka bi gida gida suna tambaya, wa ke da filafilinsa? Aka zazzaro su daga rufin ɗakuna. Tsawonsu ya nuna faɗin jirgi, yawansu ya nuna tsawonsa, wani tsohon masassaƙi da ya rage ya cike sauran daga ka.

Na ƙirga matuƙan na ga goma sha tara, wuri ɗaya ba kowa. Ya ce mutanen gidan sun tafi Amirka da filafilinsu, ba su sake waiwayowa ba. Na ce me zai hana a sa wani? Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Gidan bai mutu ba, ya yi nisa ne. Ba a cike wurin mai rai." Ya ce shi ya sa jirgin ke ɗan karkata hagu, kullum sai ya danne akala, kafaɗarsa ta saba. Sannan ya tambaye ni sunan gidanmu. Ni da na sauke Gungu daga sunana na ɗora Yelwa don kada a ce mini ɗan tsibiri, sai na sunkuyar da kai na shiga tattara na'urata.

Na cire filafilin daga taga, na shafe shi da mai. Alamar kifi da Baba ya sassaƙa tana nan. Ki roƙa mini gafararsa, ki ce ɗansa ya yi wauta. Ki amsa da gaggawa.

Yayanki,
Nata'ala

Yelwa, 20 ga Yuli, 1975

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta yi kyau.

Wasiƙarka ta yi kwana goma sha takwas a hanya, ko da ta tashi sama ma ba za ta tarar da komai ba. Ta farkon ta iso tun tara ga Yuni. Ka ce in sa zuma, ban sa ba, yadda ka rubuta haka na karanta, har da maganar taga, don na ji haushinka kuma har yanzu da saura. Baba ya ce, "To." Washegari ya ɗauki zarto da kansa, ya ce baƙon hannu ba zai fara yanka abin da ya sassaƙa ba. Kwana huɗu aka yi. Yanzu jirgin Juma'a ƙofofi shida ne a bakin tasha, an shafe su da koren fenti. Baba ya daina bin ta hanyar, ya kuma daina fita bayan la'asar. Inna ta ce ko abincin kirki ba ya ci.

Na yi niyyar ɓoye masa wasiƙarka ta biyu, don ihu bayan hari ne. Inna ta ce in karanta. Labarin rami da na rana, tasbihinsa kawai yake ja. Da na zo kan jirgin ya ce in maimaita. Da na zo kan filafilai ya tashi zaune ya ce, "Tsawonsu ya nuna faɗin jirgi? Wannan Bature ya san aiki." Sau uku na karanta masa wurin. Sai ya tambaye ni, su waɗannan mutane ba su da mota ne? Na ce suna da ita, har ƙera ta suke yi. Ya ce, "Kuma suke tuƙi?" Ya daɗe yana jinjina kai yana cewa ikon Allah.

Da safe ya sa babbar riga ya hau motar kasuwa, mutumin da ko kujerar mota ba ya so. Kwana biyar yana bin ƙauyukan nan uku. Yaya, mutanen da suka ce ba ruwansu, ashe ba wanda ya yar da filafilinsa. Gwaggo Rahinatu da nata take tuƙa tuwon biki, na gidan Liman yana rataye da Alƙur'ani a ɗaki ɗaya. Yanzu suna jere a zaurenmu, Baba yana ta awo da igiya, ya wasa gizagonsa. Amma ka sani, ba Baban da ka bari ba ne.

Ya ce shi zai yi maka magana. Ga ta nan a ɗaya takardar, yadda ya faɗa haka na rubuta.

Ƙanwarka,
Jamilatu

Daga Uwaisu masassaƙi, na Gungun Ɗalha, zuwa ga ɗansa Nata'ala.

Bayan sallama da addu'a, na yafe maka, dama ban riƙe ka ba.

In kana da hanyar aika, ka gai da tsohon nan Erik, ka ce wani masassaƙi a bakin Kwara ya ji maganarsa.

Na ga maɗaci biyu a dajin ƙetare, na sa musu alama. In Allah ya ara mana rai za mu sare su bayan damina, jirgi ya sauka kafin baƙin ruwa, cikar kogi ta hunturu, ya janye. Na auna filafili goma sha bakwai. Na goma sha takwas ka san inda yake, kuma ba a aiko shi ta gidan waya, mai shi ke kawo shi. Ba zan sa kowa a wurin ba. Sai dai ka sani, kafaɗata ba ta kai ta Erik ba, ba zan iya danne akala shekara da shekaru ba.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.