Buhun da ke Bayan Ƙofa

Fa'iz,

Na dawo daga hawan dutse kana barci, ga shi ina da lacca. Wallahi tafiyar ta yi daɗi! Sai dai rumfar da matafiya ke kwana mun tarar da ita kamar bola: robobin ruwa, kwalayen tapau da ake sayo abinci a ciki, har da takalmi ƙafa ɗaya. Muka share ta tas, kowa ya goyo buhunsa har ƙasa. Da yamma ƙungiyarmu za ta auna, wanda nasa ya fi nauyi shi zai riƙe tuta a tafiya ta gaba. Nawa ne zai ci, ba shakka!

Buhun yana bayan ƙofa, ka yi haƙuri da warin. Tun da muka kama gidan nan ba ka taɓa fitar da shara ba. Don girman Allah kada ka fara yau.

Ɗayyabu