Haƙorin Makka

Daren Talata, unguwar Kilomita Biyar

Yau 'yata Hadiza ta raka ni wajen sabuwar likitar haƙori. Ashe ranar farko ba a cire komai. Tambayoyi ne, sai leƙe-leƙe da ɗan madubi, sai hoton baki. Da yaren Sango take yi mini magana, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Can ta ƙwanƙwasa haƙorin Makkana, ta ce, "Mama, na ƙarƙashinsa ya ruɓe. Ranar Alhamis za mu cire."

Rana ɗaya muka sa shi ni da maigidana Alhaji, yana ta tsokanata wai daga yau ba zan ƙara rufe baki ba. Lokacin rikici, da aka jera gawarwaki a masallaci, fuskarsa ba ta ganuwa. Leɓensa na ɗaga, na ga nasa, na ce mijina ne. Allah ya jiƙansa.

Likita ba ta da laifi, ciwon ya hana ni cin ko gozo, tuwon rogon nan mai laushi. Amma tun da muka dawo harshena yake kan haƙorin nan. Idan rikicin ya sake dawowa, da me Hadiza za ta gane ni?