Ƙofar da ke Cikin Firjin Baba

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ciwon ƙafar ya lafa. Yaya Baba da Auta?

Mama, ina raye, kuma ba guduwa na yi ba. Da kika aike ni ɗebo ƙanƙara a tsohon firjin da Baba ke gyarawa a ɗakin ajiya, ina sunkuyawa ƙasansa ya zurma da ni. Inda na faɗo rana biyu ce a sama, dare ba ya yi, ƙasa kuma tana motsi a hankali kamar cikin mai barci. Akwai wasu dogayen halittu marasa baki. Sukan ajiye min ruwa su ja baya, ban san nufinsu ba.

Ƙofar da na faɗo ta ciki tana nan rataye a iska, ina jin ƙugin firjin. Sai dai ƙanƙara ta cinye gefenta, kafaɗata ba ta shiga. Allah ya sa littafin lissafi na aljihuna, yau dai ya yi min rana, takardarsa na yaga na rubuto miki na jefo ta ƙofar. Don Allah kada Baba ya kashe firjin nan. Ɗazu da ƙugin ya tsaya ƙofar ɓacewa ta yi, sai da ya dawo ta sake bayyana.

Ɗanki,
Sarkin Barci

Mamata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da ƙoƙari. Amsarki ta faɗo, na karanta har na haddace.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Kin ce Auta ta shiga makaranta. Wace Auta? Tana rarrafe na bar ta, da bandeji a yatsa inda dutsen guga ya ƙona ta. Ni kuwa sau ɗaya na kwanta tun zuwana. Ashe ɗan lokacin nan shekaru ne a wajenku. Tsoro nake ji, Mama, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙanƙarar ta ɓangarena ce ta toshe hanya, na kankara har farcena ya yi jini. A miƙo min sukudireban Baba, babban. Dogayen nan sun matso, ba su da baki amma suna wani gunji mai kashe jiki. Kullum kina cewa ko a kan ƙusa aka ajiye ni sai na yi minshari. Wannan karon ba zan runtsa ba, na yi alkawari.

Ɗanki,
Sarkin Barci

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke gidan.

Barci ya sace ni, ban san iya daɗewarsa ba. Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni, na ga hannu ya ziro da sukudireba. Hannun babbar mace ne, da zoben Mama, na kama shi ina kiran Mama. Sannan na ga tabon ƙuna a yatsa.

Ban tambaye ki dalilin da zoben ya dawo hannunki ba, kuma kada ki rubuto min. Idan na karanta a nan, ƙarfina zai ƙare.

Na fasa ƙanƙarar, kafaɗa ɗaya tana shiga, amma tana sake haɗewa, dogayen kuma sun kewaye ni. Wannan ce takardar ƙarshe a littafin. Kina gama karantawa ki ziro hannu biyu. Yaro za ki gani, wataƙila sa'an ɗanki, da rigar makaranta. Yayanki ne. Ko na yi ihu, ko kin ji ƙashi ya yi ƙara, kada ki saki.

Yayanki,
Sarkin Barci