Ram Ɗin da Baba Ya Ƙara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Baba ba ya ɗaga wayata, kai ma haka, shi ya sa na rubuto.

Ka ji ta bakina. Lokacin da Baba ya zo wurina, ina haɗa bidiyon gwaji na kamfanin da nake neman aiki, ya ji ina mitar kwamfutata ta yi nauyi. Ka san Baba da sukundireba, ko lafiyayyar rediyo ya gani sai ya leƙa cikinta. Ina fita ya je kasuwa ya samo ram, ɗan allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kai, ya ƙara mata bai gaya mini ba. Ashe mai jan ƙafa aka ba shi. In an haɗa mai sauri da marar sauri, mai saurin ne ke sauka ya bi tafiyar ɗan'uwansa, kuma waɗannan ko jituwa ba su yi ba. Bidiyo ya yi ta tsayawa, kwamfuta tana ɗaukewa, har lokacin miƙawa ya wuce. Wani aka ɗauka.

Da mai gyara ya ciro ram ɗin ya nuna mini, sai na ce wa Baba zamanin rediyo ya wuce, ya daina taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. A gaban maƙwabta na faɗa, kuma tun ranar ban ji daɗin raina ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikis salam. Muna lafiya. Baki shi ke yanka wuya, naki kuwa tun kina ƙarama da kaifinsa.

Shago-shago tsohon nan ya bi a ƙafa yana cewa a ba shi mafi girma. Girma ya sani, ba wanda ya ce masa akwai wata maganar sauri. So ya yi ki dawo ki tarar tana gudu, ki rasa dalili.

Yanzu ya share teburinsa, akwatin kayan aikin yana ƙarƙashin gado. Fankar ɗakinsa ta tsaya, yana zaune cikin zufa yana kallonta. Shi za ki rubuta wa, ba ni ba.

Ki huta lafiya,
Yayanki

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Na yi kuskure, ka yafe mini. Dutsen gugata ya daina zafi, ba kuma wanda nake so ya buɗe shi sai kai. Don Allah ka zo.

'Yarka,
Auta

Auta,

Sallama da fatan alheri. Na yafe miki tun ranar. Yayanki ya gaya mini aikin ya kuɓuce, ke ce za ki yafe mini.

Zan zo in gan ki. Dutsen gugar dai ki kai wa mai gyara. Jiya na ciro sukundireba don in duba fanka, na kasa buɗe ta, na mayar da akwatin ƙarƙashin gado.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki