Ruwan da Na Ce Ba Zai Sauko Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya lau, ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana dogara sanda zuwa ƙofar gida.

Yaya, da ƙyar na ɗauki biro saboda kunya. Ka san a ofishinmu na hasashen yanayi yanzu muna karɓar ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan'adam, mu zuba a na'ura domin ta rage kuskure a ƙasashe masu zafi, inda hadari kan haɗu kafin ƙiftawar ido. Aikin ya yi kyau, ni kuma kaina ya fara kumbura. Da kafinta ya zo canja kwanon ɗakin Baba, sai ya ce tunda akwai mai leƙen sama a gidan, ita za a tambaya. Na'ura ta nuna akwai 'yar yiwuwar ruwa, amma na haɗiye wannan, na ce a gaban kowa a kware rufin, ko ɗigo ba za a gani ba.

Aka kuwa kware shi. Washegari da la'asar ina zaune a ofis, na ga hadari a allo yana taruwa daidai kan unguwarmu. Kafin in isa gida an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katifa da littattafan Baba duk sun jiƙe, amma waɗannan sun sha rana sun bushe. Hoton marigayiya Umma na bango, wanda take dariya, shi ne ruwan ya wanke fuskar gaba ɗaya.

Goggo ta ce tauraron nawa gyangyaɗi ya yi. Shugabana a ofis ya ce za a saka bayanan ruwan ranar a na'ura don ta koyi darasi. Baba kuwa cewa kawai ya yi tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi, don kullum na kai masa shayi sai in tarar ya zuba wa ƙusar da aka cire hoton daga kanta ido.

Don Allah Yaya, ka wanko irin hoton nan da ke wurinka ka aiko da wuri. Sai ya iso zan iya haɗa ido da Baba.

Ka gaida Anti, da Dogo, da 'yar takwarar Umma. Goggo da Kawu suna gaisuwa.

Taka ƙanwa,
Auta