Ka Faɗi Ƙarshen Littafin Yayarka

Gashuwa,
16 ga Maris, 2008.

Zuwa ga ɗana Suhaib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a can Malesiya. Allah Ya ƙara maka basira, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar kakarka Fanne ta yi sauƙi har tana zuwa barka da kanta, tattasai kuma ya yi kyau bana a fadama.

Maganar yayarka Saudatu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wani malamin makarantarmu ya bugo mini sharhin da ka yi wa littafinta a zauren marubuta na intanet. Sau uku na karanta, har na karanta wa 'yan ajina farkonsa don su ga yadda ake yabo da hujja. Wallahi na yi alfahari da kai. Sai dai ɗana, daɗin yabo ya ɗebe ka. Kashi na ɗaya da na biyu ne kawai a kasuwa. Na uku kai kaɗai ta ba wa, a rubutun hannunta, da ka zo hutu. Sai ga shi ka sanar da duniya cewa masuncin da ya tsamo Meram, tauraruwar labarin, daga ruwa shi ne wanta da ya ɓace.

Takardar nan ta sha fotokwafi, ta zaga gidajen Nguru, inda yayarka take zaune. Alhaji Ibram mai hayar littattafai a bakin tasha ya faɗa mata cewa matan da ke aiko masa kullum suna tambayar na uku sun yi shiru, ɗan kasuwar Kano da zai ɗauki littafin kuma ya ce a dakata tukuna. Ka kuwa san tun rasuwar mijinta Modu da rubutun nan take riƙe da yara uku.

Ranar Juma'a na je na same ta. Na zaci fushi zan tarar, sai ta ɗauko takardar daga ƙasan akwatinta, ta ce ba a taɓa karanta ta da zuciya ɗaya haka ba, ko ita ba ta san ta iya kwatanta ruwa ba sai da ka faɗa. Ta yi dariya, sannan ta share ido da gefen mayafi. Ta riga ta cire shafi ashirin na ƙarshe tana sake su. Na roƙe ta ta ɗan tsegunta mini, ta ce ai ni ma kawunka ne, jininmu ɗaya.

Abin da nake so, kada ka tsaya dogon ban-haƙuri. Ka koma zauren nan ka rubuta layi biyu, cewa ƙarshen da ka faɗa ba shi zai fito ba, kai ma ba ka san sabon ba. Sannan ka kira ta. Kada kuma wannan ya sa ka daina sharhi, kana da baiwar abin. Ka dai riƙa tsayawa inda mai karatu zai so ya ƙarasa da kansa.

Kakarka tana sa maka albarka. Gwaggonka Sakinatu, Afra da Haula suna gaishe ka. Saudatu ma ta ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka ta sayi kwaɗo ta sa wa akwatin. In na uku ya fito, wai ka bi layi wurin Alhaji Ibram kamar kowa.

Naka mai yi maka addu'a kullum,
Kawu Abdulganiyu.