Kwat Ɗina Yana Hannunki, Pani Danuta

Łódź, ranar Lahadi

Zuwa ga Pani Danuta, hasken ɗakin ajiye riguna, ranar hunturu mai leƙowa sau ɗaya a mako a gode wa Allah, dusar ƙanƙarar safiya tun motoci ba su taka ta ba, sanyin idona.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ni ne Ludwik, direban jirgin ƙasa na cikin gari mai kwat ruwan toka, wanda aljihunsa ya yage kika ɗinke. Na san kin san ni, amma ya dace mutum ya gabatar da kansa kafin magana irin wadda ke tafe.

Shekara da shekaru ina zuwa silimarku duk Alhamis, fim ɗin la'asar. Da fim ya ƙare an kunna fitila sai jama'a su yi waje kamar gobara ta tashi, alhali a lokacin ne kiɗa ke samun fili shi kaɗai, ba mai surutu a kansa, ba mai harbin bindiga. Ni kuwa ba na tashi sai na ga sunan wanda ya tsara shi ya wuce a allo. Mutum ya yi wata da watanni yana fama da goge da sarewa don mu yi kuka a inda ya dace, sannan a juya masa baya ana neman safar hannu? Ba da ni ba! Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, muddin kwat ɗaya na rataye a ɗakin ajiye rigunan da kike tsaro, ke ba ki da halin tafiya gida.

Kin tuna maganar farko da kika yi mini? Kika ɗora kwat ɗin a kan kanta, kika ce, "Pan Ludwik, kai ba ka da gida ne?" Ban taɓa jin tambaya mai daɗin wannan ba. Na fara yi miki bayanin masu tsara kiɗa, kika katse ni: "Ai na san su duka, ta bangon nan nake jin su. Na yau Mai Ruwan Sama ne, ko? Kuma matar da ke cikin fim ɗin ta mutu." Ta mutu kuwa. Da na tambayi yadda aka yi kika sani, kika ce, "Babban goge ba ya irin wannan kuka don mutum ya rasa bas kawai. Ni dai na rasa nawa, albarkacinka."

Tun daga ranar muka raba aiki, ke da kunne, ni da ido. Kina da Mai Ruwan Sama, wanda piyanonsa ke ɗiga ɗai-ɗai. Kina da Sarkin Coci, wanda ba ya iya barin mutum ya sayi burodi a fim sai ya tara masa mawaƙa cike da ɗaki. Ga kuma Ɗan Giya, mai ƙahon da ke tangaɗi amma bai taɓa faɗuwa ba. Ni in fito in kawo miki sunayensu na gaskiya, ki ce naki sun fi dacewa. Sun fi ɗin. Ƙasar nan an ci ta da yaƙi, an yayyaga ta, an sake ɗinke ta, amma ba ta taɓa rasa mai sa mata kiɗan da ya dace ba. Kuma ban ga wanda ya san darajar mutanen nan kamar ke ba, ke da ba ki taɓa zama a kujerar silimar da kike wa aiki ba.

To, makon jiya Heniek mai haska fim ya tare ni a matakala, ya ce, "Tsoho, an sayo akwatunan ƙarfe masu makulli, kowa ya adana rigarsa da kansa. Mutuniyarka kuma ƙarshen wata za ta koma wurin 'yarta a Rzeszów. Kai dai ci gaba da karatun sunaye." Washegari na wuce tasha ban tsaya ba, jirgi cike da fasinjoji, suna ta buga mini gilashi.

Haba, Pani Danuta! Akwatin ƙarfe ne zai ɗinke mini aljihu? Shi zai gaya mini wanda ya mutu? Wa zan kai wa sunayen nan in na fito? Ya ke itacen da ke fara toho a bakin layin dogo a watan Afrilu, amsar tambayarki ita ce e, ina da gida. Ɗaki biyu ne a hawa na uku, bango guda cike da faya-fayan mutanenki, maƙwabciyar ƙasa kuma kurma ce. Abin da babu a cikinsa ke ce. Ina son ki, kuma na daɗe.

Kin ga kwat ɗina ya kwana a wurinki tun Alhamis. Ba mantuwa ba ce. Ta ƙofar baya na fita, na bar wa Heniek sallahu kada ki jira, na taka har gida da 'yar riga a wannan sanyi na Nuwamba. Ina ɗan tari, kada ki damu. Lambar ƙarfen da kika ba ni ta karɓar kwat ɗin tana aljihun wandona. Na san ba za ki bar gari da rigar mutum a rataye a hannunki ba, saboda haka Rzeszów sai ta yi haƙuri.

Na sayi tikiti biyu na Alhamis mai zuwa, kiɗan Mai Ruwan Sama ne, mai yanka tikiti ta yarda ta tsare miki kantar riguna. Idan a'a ne, ki miƙo mini kwat ɗin, in miƙa miki lamba, in ce na gode kamar kullum. Idan e ne, ki rataye naki kusa da nawa, ki shigo ki ga fuskokin da kike ji ta bango. Za mu zauna har suna na ƙarshe ya wuce. Wannan karon ba za ki rasa bas ba, gidan da kika tambaya tafiyar ƙafa ce.

Naki har kiɗa ya ƙare, da bayan an kunna fitila,

Ludwik